Takarar Kalolaine

Otara, Auckland
2 ga Maris, 1998

Zuwa ga Gwaggona Losaline,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi, kuma guguwa ba ta taɓa rufin ba.

Gwaggo, na ɗauko magana mai nauyi. Hukumar makarantar su 'yata Heilala tana shirin rufe ajin da ake koyar da yara da yaren Tonga, a zuba kwamfutoci a ɗakin. A ajin nan Heilala ta fara buɗe baki, yarinyar da aka ce mini ƙila ba ta ji sosai. Watan gobe iyaye za su zaɓi mutum biyar na hukumar, sai na ba da sunana. Mu bakwai ne.

Matsalar ita ce Dattijo Taufa na cocinmu yana cikin bakwai ɗin. Shekara shida yana hukumar, kuma da shi aka fara maganar rufewar, bai ce uffan ba. Baba ya daina yi mini magana. Ya ce sai abin da yayarsa ta yanke, kin kuwa san bai taɓa tsallake maganarki ba. Ina roƙon ki sa mini albarka.

'Yarki,
Kalo

Pangai, Ha'apai
15 ga Maris

Kalo,

Na gaishe ku. Ƙafa tana nan, rufi yana nan, hankalinki ne ban san inda ya tafi ba.

Ke da ko addu'ar cin abinci aka ce ki yi sai kin ɓuya bayan tukunya, yau ke ce mai takara? Taufa shi ya tarbi ubanki a filin jirgi lokacin da ba shi da ko rigar sanyi. Na san yadda turawa ke yi: a hau dandamali a tsaya ƙiƙam a kan manya ana yabon kai. A gidanmu yaro zaune yake magana da babba.

Ban ce ki janye ba, don yarinyar nan tawa ce, ina son ta yi mini rashin kunya da yaren da nake ji. Amma in na ji kin tsaya a kan furfura kina surutu, kada ki ƙara aiko mini da naman gwangwani. Ki gaya wa ƙanena Manase ya daina kumbura, ba ya masa kyau.

Gwaggonki

Otara
29 ga Maris

Gwaggona,

Ina gaisuwa. Jiya da rana aka yi taron 'yan takara.

Sun jera mu a dandamali. Turawa da Indiyawa suna kujerun baya, tsofaffinmu sun shimfiɗa tabarmi a gaba. Da aka kira ni na miƙe, na ga kawunansu a ƙasa da ƙafata, sai bakina ya mutu. Na sauko na naɗe ƙafa a ƙasa. Shugabar makaranta ta rugo da kofin ruwa, ta ɗauka suma zan yi. Wayar lasifika kuma ba ta kai ba.

Tsohuwa Palu ta ce, "Ke 'yar Manase, ɗaga murya! Da mijinki kike faɗa, da tuni an ji ki a bakin titi."

Aka kwashe da dariya, ni kuma na samu baki. Na faɗi abin da ajin ya yi wa Heilala, da yarenmu, na maimaita da Turanci. Wani bature ya ɗaga murya daga baya, "Wai wa ke magana ne? Ba ma ganin kowa!"

Sai aka kira Dattijo Taufa. Gwaggo, da gwiwoyin nan nasa masu ciwo ya sauko, ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Jama'a, ku yafe mini. Ranar da aka kawo maganar ajin nan, Turancin ya yi mini sauri. Na ji kunyar in ce ban gane ba, sai na gyaɗa kai. Shekara shida haka nake yi." Ni da na zo da haushinsa, kuka na yi, don tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Na san na rasa ƙuri'un baya, ba su ma ga fuskata ba. Mutanenmu kuma kin san su, takardar zaɓen da ake aikowa gida a kan firji take tsufa. Amma Palu ta ce gida-gida za ta bi.

'Yarki,
Kalo

Otara
12 ga Afrilu

Gwaggona,

Gaisuwa da godiya. Na shiga. Ni ce ta biyar, da ƙyar. Dattijo Taufa bai shiga ba, abin ya rage mini murna.

Yau bayan coci ya zo gida da jakar takardunsa na hukuma, Baba ne ya riƙo masa. Ya ajiye a gabana ya ce, "In ba ki gane ba ki ce a maimaita, ko sau goma ne. Kunyar ni na riga na ji mana."

Ranar Talata za a yanke maganar ajin. Da shugaba da wakilin malamai mu bakwai ne, uku muna goyon bayan a bar ajin, saura mutum ɗaya mu rinjaya. Ina karanta takardun da ƙamus a gefe. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki mai biyayya,
Kalo