Fitilar Falonmu Ta Ƙi Mutuwa, Ɗakin Baba Kuma Duhu

Anti, don Allah ki ba ni shawara, na gaji. Yau kwana tara ina fama da abin da ni kaina nake jin kunyar faɗa, don in na ce fitila ce ta hana ni sukuni, sai a ce ba ni da matsala a duniya.

Mu biyu ne a gida, ni da mahaifina, tun rasuwar mahaifiyarmu. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, in fita da safe, in dawo ƙafafuna kamar ba nawa ba. Baba mai gyaran wuta ne, ko in ce a da. Shekara arba'in ya yi yana hawa tsani, kuma duk wayar da ke gidan nan shi ya ja ta da hannunsa. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin wani ya kwance ko makunni ɗaya a gidanmu ba sai shi. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, hannunsa na rawa, ko kofi sai ya tallafe shi da hannu biyu.

Saboda idon nan nasa na sayo sababbin fitilun silin guda biyu masu haske sosai, ta falo da ta kicin. Ranar da yayana ya zo ya kai shi ganin likita, na kashe wuta daga akwatin wutar gidan, na hau tsani. Ba zan ɓoye miki ba, akwai ji da kai a ciki. Ni ce mai miƙa masa sukudireba tun ina firamare. Na ɗauka na gaji sana'a, ashe gajiya kawai na gada.

Ta kicin ba ta ba ni wahala ba, na ɗaura ta kama. Ta falo kuwa, ina kwance tsohuwar sai wayoyi suka zubo min: jajaye uku, baƙaƙe uku. Ban ɗauki hoto ba. Na goge ƙura, har na ɓanɓare wani guntun jan salatif da ya bushe a jikin ɗaya daga cikin baƙaƙen, don ni ba na son ƙazanta. Daga nan na yi abin da hankali zai ba kowa, na haɗa ja da ja, baƙi da baƙi.

Ina mayar da wuta fitila ta kama, tun ban taɓa makunni ba. Murnar minti ɗaya na yi. Da na danna makunnin sai na ji fat, burekar cikin akwati ta faɗi, fitilun gidan duka suka ɗauke. Na ɗaga ta, na sake dannawa, ta sake faɗuwa. Sau uku ina komawa saman tsanin nan in Baba ya kwanta da rana, in kashe wuta, in kwance, in ɗaura. Abin da na ƙaru da shi shi ne yanzu ɗakin Baba da banɗaki ba wuta kwata-kwata, ta falo kuma ba ta mutuwa dare da rana. Na liƙe makunninta da takarda kada wani ya taɓa.

Na ce wa Baba sababbin fitilun ne ba su da kyau. Bai yi musu ba, sai ya tambaye ni ko burekar kafin a danna makunni take faɗuwa ko bayan an danna. Na faɗa masa. Ya ce in kawo masa tsani. Na kai tsanin maƙwabta, na ce an ara. Kullum na dawo aiki, kafin in ajiye jaka ya tambaya ko an dawo da shi. Banɗakinmu ba taga, ko da rana duhu ne. Shekaranjiya ya buge gwiwa a ciki ya ɓoye min, a tafiyarsa na gane.

Yayana ya ce in kira mai gyara a wuce wurin. Shi komai a bakinsa minti biyar ne, tunda ba shi ke zaune da Baba ba. Na gwada zancen, Baba ya ce shi bai mutu ba tukuna da za a kawo wani ya tone masa silin, ranar ko abinci bai taɓa ba. In na bar shi ya hau, ina tsoron in ɗauke shi a ƙasa. In na kawo baƙo, na gaya masa ke nan ya ƙare. In na yi shiru, yana lalube a gidan da shi ya sa wa wuta. Har yanzu kuma na kasa buɗe baki in ce ni na ɓata. Ya zan yi?

'Yar mai gyaran wuta

*

'Yata, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ki lada. Abu na farko, kin gama hawa tsanin nan. Sa'a kika yi har sau huɗu, kada ki nemi ta biyar. Yau ɗin nan ki sauke burekar fitilu ki bar ta a kashe, domin wayar da ba ta ɗauru da kyau ba a cikin silin tana iya yin zafi ta ta da gobara. Ki samo fitilun caji, ɗaya ta zauna a banɗaki.

Wuta ba sana'ata ba ce, don haka na karanta wa wani tsohon mai gyara wasiƙarki. Ban kai ƙarshe ba ya tsayar da ni a wurin salatif ya dafe kai. Ya ce a irin wannan haɗin, jajayen nan uku su kaɗai ake haɗewa, ba sa taɓa fitila: ɗaya ce ke kawo wuta, ɗaya ta wuce da ita sauran ɗakuna, ɗaya ta gangara makunni. Wutar da ta gangara makunni kuwa ta cikin baƙar waya take dawowa ta kunna fitila, shi ya sa ake naɗa mata jan salatif, don a san baƙa ce a ido amma wuta ce a cikinta. Da kika haɗa ta da 'yan'uwanta, duk dannawar da kika yi karo kike haɗawa, bureka kuwa aikinta ta yi. Duhun ɗakin Baba, ya ce mai yiwuwa wayar da ke wucewa can ce ta zame a kwance-kwancenki. Yanzu da alamar ta tafi, ido ba zai gane wacce ce ba, sai an gwada da na'ura.

Yayanki ya yi gaskiya, dole mai sana'a ya hau. Baba ma ya yi gaskiya, aikinsa ne, kuma ba wanda ya san hanyar wayoyin nan kamarsa. Kada ki kawo masa mai gyara kamar ana kawo wa mara lafiya likita. Ki tambaye shi wa ya yarda da hannunsa a cikin abokan sana'arsa, shi za a kira. A ajiye wa Baba kujera a ƙarƙashin fitilar, shi ke faɗa, wancan na ɗaurawa. Wannan ba lallashi ba ne, zai rage wa mutumin laluben rabin yini.

Amma kafin nan ki faɗa masa gaskiya. Mutumin da ya tambaye ki kafin dannawa ne ko bayan dannawa ya riga ya san abin da ya faru, ina jin har inda tsanin yake ya sani. Ke yake jira. Ki zauna kusa da shi ki ce kin cire wani jan salatif, ki tambaye shi na mene ne. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi, ya kwana biyu ba wanda ya tambaye shi abin da ya sani. Ki kuma tuna, shi da ya ja wayar ba ya bukatar alama don ya gane ta. Ya naɗa salatif ɗin nan ne saboda wanda zai hau tsanin bayansa, tun lokacin ya san ranar za ta zo.

Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya huce miki gajiya.