Bakan Baba Ya Koma Maska

Daga Labo maharbi a Bida, zuwa ga Kawu Maitama maƙeri a Maska. Gaisuwa da ban girma. Yaya Inna da ƙafarta? Yaya damina?

Bayan haka, lafiyata ƙalau, kada ku sa komai a rai. Ɓauna ce ta ɗan taɓa ni a kafaɗa. Ciwon ya warke, sai dai hannun ba ya jan tsirkiya kamar da. Na koma ƙaramin baka, amma kibiyoyin maƙeran nan nauyi gare su. Jiya na harbi gada daf da ni, kibiyar ta sunkuya ta caki ƙasa, gadar ta tsaya tana kallona.

Don Allah, Kawu, ka ƙero mini bakin kibiya ashirin, sirara marasa nauyi, irin waɗanda ka yi mini ina ɗan shekara goma. Ka ba madugun da ya kawo takardar nan. Allah ya ƙara wa hannunka albarka.

Bakan marigayi Baba yana wurin madugun. Ka shafa masa mai ka rataye. In Inna ta tambaya, ka ce mata na sami wanda ya fi shi.

Wasalam.