Ƙamshin da kowa ke ji ban da ita

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara sauƙin gwiwar nan da kika ce tana hana ki hawa bene, Ya kuma ƙara wa maigidan naki haƙuri, don na san duk ranar da ƙafarki ta huta, bakinki ne ke karɓar aikin. Mu ma muna nan yadda kika bar mu. Babbar 'yarki ta wajena tana can jami'a, takan kira idan ta tuna tana da iyaye. Auta ya yi tsawo har ya fara kallon tsakiyar kaina yana ba ni labarin abin da ke faruwa a wurin. Ni kuwa ina nan ɗakin karatun kwaleji, ina gadin littattafan da rabon a are su tun ina da gashi.

Kin tambaye ni labarin irin ɗoɗɗoyar da kika aiko, kin kuma tambayi jikin 'Yarsanda. Amsar tambayoyin biyu guda ce, shi ya sa na yi ta jan ƙafa wajen rubutu. Ke kika raɗa wa matata wannan suna ranar da ta shinshino taba a rigata tun daga bakin ƙofa, alhali abokin aikina ne ya sha a kusa da ni, kuma har gobe a kan wannan magana nake. Kin san shekarun da ta yi a gidan burodi ba ta taɓa duban agogo ba, hancinta ke gaya mata lokacin buɗe tanda. To, tun zazzaɓin nan na bara hancin ya ajiye aiki, har yau bai dawo ba. Ƙamshi da wari duk ɗaya ne a wurinta, abinci kuma ta ce kamar jiƙaƙƙen kwali take taunawa. Aikin ma da kanta ta bari, bayan burodi ya ƙone a gabanta hayaƙi ne ya sanar da ita. Ba ta cin abinci, Yaya, wannan shi ne abin da ke gabanmu. Takan kai loma biyu ta ture kwanon. Awarwaronta yanzu har gwiwar hannu yake gangarawa. Likita ya ɗora ta a ma'auni ya ce muddin ta ci gaba da ramewa haka, sai dai a kwantar da ita. Shi ne ya ba da shawarar a samo wani abu mai ƙarfin ƙamshi wanda ta sani tun tana yarinya, ta riƙa shinshinawa safe da yamma, wai hanci ɗalibi ne, da maimaici karatu ke dawo masa. Ta ce ɗoɗɗoya take so, irin wadda ke gindin famfon gidan mahaifiyarta, kuma ɗanya, ba busasshiyar kanti ba. Dalilin da na roƙe ki iri ke nan, ban dai gaya miki a lokacin ba.

Ranar da irin ya iso na kwaso duk wani littafin lambu da ke wurin aikinmu, na ba magatakarda mamaki, don shi ma bai san muna da su ba. Na shuka a take, sanyi bai ko fara ja da baya ba. Na kuma tura ƙwayoyin can ƙasa kamar mai binne dukiya. Muka yi ta leƙen tukunya har muka gaji, ko ɗigon kore ba mu gani ba. Daga baya na gane ɗoɗɗoya ba ta shiri da sanyin asuba, sai mutum ya daina lalubar bargo kafin ya zuba iri. Irin kuma ƙanana ne ƙwarai, barbaɗa shi ake yi a sama a yayyafa 'yar ƙasa, ba kabari ake haƙa masa ba.

Karo na biyu na yi wayo, wayon ya yi yawa. Na jira har zafi ya kankama, sannan na ajiye tukunyar a barandar baya mai kallon yamma, domin littattafan duk bakinsu ɗaya, wai shukar nan tana son rana wuni guda. Ban tsaya na tambayi kaina inda marubutan suke zaune ba. Mutane ne da rana ke kai musu ziyara kamar baƙuwa, suna yi mata maraba. Tamu ranar kuwa mai gida ce, ba ta sallama. Tsiron ya fito, kowanne da ganye bibbiyu kamar 'yan makaranta sun ɗaga hannu, ranar la'asar ta bi ta kansu. Da na kai wa 'Yarsanda tukunyar ta duba, sai ta ce a gidan burodi idan abu ya yi wannan kala sauke shi suke yi, ya gasu. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Na daɗe ban ji dariyarta ba, har na ji asarar ba ta dame ni ba.

Abin da na koya dai shi ne, a ƙasa mai zafi da bushewa irin tamu ƙofar shuka ƙarama ce, tsakanin tafiyar sanyi da zuwan babban zafi. Wanda ta rufe masa sai ya yi dabara. Na ɗauko tsohon bahon wanki na huda gindinsa da ƙusa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, na gauraya ƙasa da yashi da taki, na barbaɗa sauran irin, na kai shi barandar gaba inda hantsi ne kawai ke taɓa shi. Na ɗaure tsohon zanen gado a jikin ƙarfen barandar ya zama laima daga azahar. Kafintan da ke ƙasan benenmu ya ba ni dusar katako na shimfiɗa a saman ƙasar don ta riƙe danshi, ya ce ya ga masu kiwon kaji da masu kiwon zomo, amma mai yi wa ganye shimfiɗa sai a kaina. Ruwa da sassafe nake ba shukar, a gindi, ba a kan ganye ba, kuma sai na soka yatsa na ji ƙasar ta sha iska. Ko tarbiyyar 'ya'yana ban ba ta wannan kulawa ba, sun kuma gaya mini haka.

Ta yi, Yaya. Wannan ne ɓangaren da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Ta cika bahon ta zubo, ganye shar kamar an shafa masa mai. Iska na kaɗawa ƙamshin ke sauka har matakala. Matar direban da ke ƙofa da ƙofa da mu kullum tana aiko a tsinko mata na miya. Mai gidan hayarmu, wanda ba ya hawowa sai da dalili, ya hawo ya tsaya yana jan numfashi, ya ce tun da ya gina benen nan bai taɓa yin ƙamshin kirki ba sai bana. Hancin kowa a unguwar nan yana aiki, har na waɗanda ba su da abin yi da shi. Ita kuwa safe da yamma nakan murje mata ganye a tafin hannuna, ta rufe ido ta shaƙa, ta ƙara shaƙa, ta buɗe ido ta girgiza kai. Sau ɗaya ta ce kamar wani abu mai sanyi ya gifta, na yi ta murna har na gaya wa mutanen ofis. Washegari babu komai, ranar da ta biyo baya ma haka. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Mun dafa dutsen, romon yana gabanta, ba ta jin ɗanɗanonsa.

Wata safiya ta ce tunda ni ne mai karatun gidan, in bayyana mata yadda ƙamshin yake, ko kunne zai yi abin da hanci ya kasa. Na gyara zama na ce kamar kanumfari. Na ce da ɗan na'ana'a a ciki. Na ce kamar ƙasa idan ruwan farko ya sauka. Ta bari na gama, sannan ta ce duk abin da na lissafa sunayen wasu abubuwan ne da su ma ba ta ji, ashe tarin littattafan nan da suka cinye mana rabin ɗaki ba su da kalma ɗaya ta kansu a kan wannan. Gaskiyarta ce.

Kwanakin baya shukar ta fara fitar da kan fure. Ƙa'ida ita ce a tsinke shi da zarar ya leƙo, domin idan ɗoɗɗoya ta yi fure ta gama da ganye, sai ya ƙanƙance ya yi ɗaci, ita kuma ta kama hanyar bushewa. Na riƙa bin ta kowace safiya ina tsinkewa. Ranar nan na miƙa hannu sai 'Yarsanda ta riƙe ni. Ta ce in bar shi, ta gaji da shan magani ta hanci, tana so ta ga furen, idonta dai bai yi ritaya ba. Na fara yi mata bayanin abin da zai biyo baya, ta katse ni, ta ce a gindin shukar nan ta girma, ta san ƙarshen mai fure tun ban san ta ina ake buɗe littafi ba. Na duba hannun da ya riƙe ni, babu nauyi a cikinsa ko kaɗan. Na janye nawa.

Yanzu furen ya buɗe, farare ƙanana, har ƙudan zuma na hawowa benen. Takan sa kujera ta zauna tana kallonsu da hantsi, kwanon abincinta a gefe a rufe. Ta daina shinshinawa, ni ma na daina murje mata. Mako mai zuwa za mu koma wurin likita, jiya kuma na tarar ta haɗa 'yan kayanta a jaka ba wanda ya ce ta haɗa.

Ki gaishe mini da maigidanki, da 'yan biyu, da Dogo idan ya dawo daga tafiya, da Gwaggo, amma kada ki gaya mata komai tukuna. Yara suna gaishe ki, 'Yarsanda ma ta ce in gaishe ki in ce miki tana samun sauƙi. Na isar da saƙonta. Nawa saƙon shi ne, idan gwiwar za ta iya ɗaukar ki, ki zo. Kunyarki take ji, a gabanki ne kaɗai ba ta iya ture kwano. Benen namu zan riƙe ki mu hau a hankali.

Wassalam.

Naki,
Ƙaninki