Alamar da Sista Lin Ta Yi

Guangzhou, 3 ga Maris

Zuwa ga Yaya Saffana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Na rubuta ne don bakina ba zai iya faɗar wannan a waya ba.

Abin da na yi ta sha wa maganin basir, ashe kansar hanji ce. Likita ya ce sai tiyata. Za su huda cikina, bayan gida ya riƙa fita ta nan zuwa cikin wata jaka da za a manna mini, har ƙarshen rayuwata. Ya ce in ban yarda ba, da wuya in ga baɗi.

Ban yarda ba, Yaya. Ta yaya zan tsaya gaban Ubangiji da najasa rataye a jikina? Wa zai jeru da ni a sahu? Na rufe harkar wandunan da nake sarowa a garin Xintang, nan ƙasar Sin, zan dawo Kano in jira lokacina da tsarkina. Don Allah kada ki gaya wa matata Rekiya.

Ƙaninki,
Ma'azu

Kano, 6 ga Maris

Ma'azu,

Wa alaikumus salam. Gaisuwarka ta iso, amma lafiya kam ka ɗauke mana ita. Na karanta wa Rekiya takardarka tun daga sallama har sa hannu. In za ka yi fushi, bismilla.

Yaushe ka zama malami ban sani ba? Na tambayi Malam Ilu na masallacinmu, ban kama suna ba. Ya ce mai lalura sallarsa ta yi, addini bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Kai ma ka sani. Shekarar da Baba ya rasu, da robar fitsari yake zuwa masallaci, kuma kai ne mai riƙe masa hannu. Ka taɓa ce masa ya koma gida?

Kunya ce ke damunka, ka yafa mata rigar tsoron Allah. Ni na goya ka, ban shirya ganin makararka ba. Wallahi kuka nake ina rubutun nan.

Allah Ya ba ka lafiya, mai taurin kai.

Yayarka,
Saffana

Guangzhou, 12 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki. Faɗanki ya shige ni, amma gaskiya bai juya ni ba. Ranar Litinin na je asibiti ne don in karɓi takarduna in taho.

Nan aka haɗa ni da wata nas, Sista Lin. Aikinta ke nan kullum, kula da masu irin jakar nan, kuma tana cikin wata ƙungiyar taimako da ke ba marasa lafiya jakunkunan kyauta. Na ce mata "meyo" da Sinanci, wato babu, ba na son tiyata. Ta tambayi dalili ta manhajar fassara. Na gaya mata.

Ba ta yi gardama ba. Ta shimfiɗa zanen gado a ƙasa, ta ce, "Nuna mini yadda kake sallar."

Na yi ruku'u, na yi sujada, na zauna zaman tahiya. Ita kuwa tana tsugune da alƙalami, tana duba inda cikina ke lanƙwashewa da inda tazugen wando ke zama. Sau uku ta sa na maimaita. Sannan ta ɗiga alama a gefen hagu, ta ce, "Nan za a huda. Ko ka kai goshi ƙasa, jakar ba za ta ɓalle ba."

Yaya, matar da ba ta san Fatiha ba ta auna wa sujadata wuri a jikina. Na yi kuka a gabanta kamar yaro. Na sa hannu. Ranar Alhamis za a yi tiyatar, ku yi mini addu'a, ki ce Rekiya ta yafe mini.

Naki,
Ma'azu

Guangzhou, 2 ga Mayu

Yaya,

Sallama da gaisuwa. An yi tiyatar, saura ƙarin ruwan maganin kansa na wata shida, kuma likita bai yi mini alkawarin komai ba.

Yau na je Juma'a. Alhasan, abokina na Maraɗi, ya tsaya a damana, wani dattijo ɗan ƙasar nan a haguna, kafaɗa da kafaɗa. Ba wanda ya matsa. Da muka kai sujada jakar ko motsi ba ta yi ba. Liman ya yi kabbara, ni ne na ƙarshen ɗagowa.

Ki gaida Malam Ilu. Ki gaya masa sunana.

Ƙaninki,
Ma'azu