Me zan gaya wa 'yata kafin ranar zaɓe?

Malama Murjanatu, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan buɗe wa cikina.

Shekarata sittin da uku. Ina da digiri biyu a lissafi, amma yau aikina liƙa lamba a jikin kwalaye a wani ofishin kago, masu aika kaya, da ke Naif, nan Dubai. Da can ina koyarwa ne a kwalejin ilimi. Wata shekara aka ɗauke ni tattara sakamakon zaɓen ɗan majalisar jiha a mazaɓarmu. Na haɗa ƙuri'u tsaf, sai wasu manya suka miƙo mini wata takarda daban, wai in sa hannu. Na ƙi. Aka samo wani ya sa. Wanda ya faɗi shi aka rantsar, ni kuma aka bi ni da canjin wurin aiki da takardun tuhuma har na ajiye aikin. Cikin waɗanda na kare wa ƙuri'a, ko mutum ɗaya bai zo ya ce mini sannu ba. Wanda aka rantsar ɗin yanzu yana Majalisar Wakilai. Bara ya wuce ta gabana a Naif da masu riƙe masa jaka, ni da salatif a hannu. Bai gane ni ba.

Makon nan ma hulunan kamfen muke ɗaurewa, na 'yan takara biyu da ke zagin juna a rediyo. Kwantena ɗaya, ɗan kwangila ɗaya.

Ga abin da ya hana ni sakat. 'Yata Khadijatu tana bautar ƙasa, an sa ta cikin masu kula da rumfar zaɓe. Ta turo mini saƙon murya cike da murna, wai za ta yi irin ta Babanta, in sa mata albarka. Yau kwana tara ban amsa ba. Abin da ke bakina shi ne ta sa hannu a duk takardar da aka miƙo mata, ta koma gida da ranta. In na faɗa, na rushe abin da take alfahari da ni a kai, kuma shi kaɗai ya rage mini. In na sa albarkar, na tura ta hanyar da ta kawo ni nan. Ko ƙuri'a ba ni da ita a ƙasar nan, balle in tsaya mata.

Tsohon Malami, Dubai

Malam, Allah ya sanyaya maka. Ba zan ce maka abubuwa sun gyaru ba, don ni ma ina gani. Tsoronka yana kan hanya.

Amma kada ka ce ta sa hannu a kan ƙarya. Hakan ba zai tsare ta ba, domin ranar da magana ta je kotu, sunanta ne a takardar, ba na manyan ba. Kada kuma ka sa mata albarka a kan rabin labari. Ta san ka ƙi sa hannu, ba ta san abin da ya biyo baya ba. Ka kira ta yau, ka gaya mata duka, har da sannun da ba a zo ba. Ta ji daga bakinka cewa janyewa tun yanzu ba abin kunya ba ne.

In ta ce sai ta je, ka koya mata aikin: ta ƙirga a gaban jama'a, ta ba wakilan jam'iyyu kofin takardar sakamako nan take, in rigima ta tashi ta bar akwatin ta tsira.

Wataƙila duk da haka wanda ya faɗi za a rantsar. Wannan ya fi ƙarfinku, kai da ita. Amma yarinyar tana can tana duba waya, tana zaton laifi ta yi maka. Allah ya kai ta lafiya, ya dawo maka da ita lafiya.