Saƙo na Goma Sha Biyu

Anguwan Rogo, Jos.
14 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga aminiyata Fibi,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya aikin asibiti, yaya zafin Shendam? Ina fata Mama Ana ta samu sauƙin ƙafarta. Mu nan lafiya lau, jiya ma ruwan farko ya sauka har da ƙanƙara.

Ga littattafanki uku na ba direba kamar kullum. Na biyun ya sa ni kuka har miyata ta ƙone. Da na rufe shi na dubi nawa mijin, sai na ce Allah sarki Ummi! Shekara guda da wata biyu da aurenmu, Oga Badruddeen bai taɓa rubuta min ko layi ɗaya na soyayya ba, shi da sana'arsa ke nan buga wa mutane takardu.

Yanzu ma tsohuwar kwamfutar shagonsa na Dilimi ya kwaso ya kawo min ɗaki, ya ce za mu mayar da ita budurwa. Kowace Asabar sai ya shigo da ƙullin leda daga wurin Onyebuchi mai kayan gyara. Ranar farko na zaci turare ne, ashe fanka ce. Bayanta akwatin wuta, sai wani ɗan siririn abu wai shi ram, mai ƙara mata saurin tunani. Kuma ba ya taɓa ɗaurawa da kansa. Ni yake miƙa wa sukudireba, ya zauna a bakin gado yana ba da umarni, wai in taɓa ƙarfe tukuna kafin in sa hannu a cikinta. Lallena duk ya kankare.

Saura abu ɗaya, sabon faifan ajiya. Tsohon ya fara wani ƙas-ƙas, ya ce alamar mutuwa ce, kada in yawaita kunna ta sai an kwashe abin da ke ciki.

Amma bari in gaya miki sirri. Da rana idan ina kicin yakan rufe ƙofa, in jiyo shi yana magana shi kaɗai a gaban kwamfutar. Raina yana ba ni waƙa yake shirya min. Masu shiru-shiru ai su ne da zurfin ciki, haka littattafai suka nuna. Ya ɗan rame, ƙafafunsa na kumbura, ya ce yawan zama ne.

Ki aiko min mai daɗin ƙarshe a wannan karon. Ki gai da kowa.

Taki har kullum,
Ummi.

Anguwan Rogo,
23 ga Yuni, 2024.

Fibi ƙawata,

Bayan gaisuwa, da fatan kin koma lafiya, kuma aiki na tafiya daidai. Na gode da zuwa gaisuwar rasuwar Oga, na gode da kwana biyun da kika yi kina riƙe da hannuna. Ki yi wa Mama godiyar dankalin da ta aiko. Ranar ban iya magana ba, yau zan gwada.

Ya sani, Fibi. Tun watan Janairu likita ya gaya masa ƙodojinsa sun gaza. Ke da kike ma'aikaciyar jinya, na rubuta miki kumburin ƙafa a ƙasan wasiƙa kamar labarin ruwan sama. Kin yi waya kin ce a kai shi a duba, ya yi dariya ya ce ƙawata ta cika tsoro, ni ma na taya shi.

Bayan sadakar bakwai na kunna kwamfutar, don kawai in ji ƙarar fankar da muka ɗaura tare. Sai ga sunana a fuskarta. Na danna, na tarar da saƙonnin murya goma sha biyu, jere da lamba. Ba waƙa ba ce. Karatu ne yake koya min: yadda ake tsara takardar neman aiki, yadda ake ciro takarda idan ta maƙale a firinta, waɗanne malamai ne ke kawo tambayoyin jarrabawa ƙarshen zango. Shago yake shirya min, don kada in zauna ina jiran hannun kowa. A na uku ya yi tari, ya ce in yi haƙuri, ya ci gaba. Wannan tarin na saurare shi ya fi sau hamsin.

A saƙon farko ya ce kafin komai in aika wa Onyebuchi da kwamfutar ya kwashe kayan zuwa sabon faifan, yana cikin durowa a kwalinsa. Onyebuchi ma ya aiko ta bakin Inna, surukata, ya ce kwana uku kacal za ta yi a wurinsa, kuma kyauta zai yi saboda amana. Na ce to, amma ban aika ba. Ina cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba ni fita ko'ina, wannan muryar kaɗai ke gare ni a ɗakin. Ta yaya zan bari a ɗora shi a keke a fita da shi karo na biyu?

Kowace Juma'a nake buɗe sabo guda, sauran ranakun in maimaita. Na sha biyun ya fi duka tsawo, minti goma sha huɗu, kuma shi kaɗai ne bai rubuta masa sunan darasi ba, "Ummi" kawai ya sa. Na san abin da ke ciki, abin da na jira tun daren biki ne. Na yi alkawari ba zan buɗe ba sai ranar da na fita takaba, in yi wanka, in sa atamfar da ya fi so, in zauna in ji shi a natse.

Kada ki yi min faɗa. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Ummi.

Anguwan Rogo,
11 ga Agusta, 2024.

Fibi,

Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya. Wasiƙarki ta same ni, wadda kika ce in ji tsoron Allah in aika da kwamfutar. Kin yi gaskiya, ni ce na makara.

Ranar Talata da hantsi na kunna ta. Ta yi ƙas, ƙas, ƙas, fuskar ta tsaya baƙa. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, har Inna ta shigo ta riƙe min hannu. Da kaina na naɗe ta a bargo aka kai Dilimi. Onyebuchi ya kwana huɗu a kanta, ya kai faifan wurin wani abokinsa ma. Jiya ya zo da kansa, ya tsaya a zaure yana ba Inna haƙuri, ina jiyo shi daga ɗaki. Ya ce allurar ciki ta kankare faifan, kowace kunnawa tana ƙara cin sa. Ya ce da ko a watan jiya ne.

A na tara na tsaya. Na goma da na sha ɗaya ban ji ba, balle na sha biyu. Wayata tana gefena duk kwanakin nan, ko da ita ce da na ɗauki muryar, amma tunanin bai zo min ba sai yanzu.

Ba ciwo ne ya ɗauke wannan ba, Fibi, ni ce. A littattafai wasiƙar ƙarshe ba ta ɓacewa, tana jira a ƙarƙashin akwati ko shekara ashirin ne. Na ɗauka tawa ma za ta jira ni.

Kada ki aiko da littafi.

Ummi.

Dilimi, Jos.
13 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga aminiyata Fibi,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Mama da duk mutanen gida. Yaya gajiyar aiki? Ki gafarce ni shirun wata biyu.

Na fita takaba ranar ɗaya ga wata. Na yi wankan, na sa atamfar, tunda na riga na yi alkawari. Na zauna a gaban kwamfutar ba abin da zan saurara. Da zaman ya ishe ni sai na ɗauko kwalin nan daga durowa. Onyebuchi ya so ya ɗaura min tun a Agusta, na ce ya bari.

Na taɓa ƙarfe tukuna. Na kwance sukurori huɗu na zare murfin. A jikin duk abin da muka sauya akwai ɗan farin salatif da rubutun hannunsa: sunan abin da ranar da aka sa shi. Ban san lokacin da ya manna su ba. A gurbin da babu komai ma akwai guda, ya rubuta, "Nan za ki sa sabon. A hankali, Ummi."

Shi ke nan abin da ya rubuta. Na juya murfin ciki da baya ko akwai ƙari, babu.

Na sa shi a hankali. Onyebuchi ya zuba mata manhaja washegari. Yanzu kafin in gyara zama ta buɗe, ba ƙas-ƙas, ba jira. Kowa na yaba saurinta. Ni kuwa har yau idan na danna sai in kasa kunne.

Wani lokaci ina cewa kalmomin da na jira ne a cikin mintunan nan goma sha huɗu. Wani lokaci in ce wataƙila yadda ake cika tawada ne kawai, ya manta bai sa suna ba. Ba zan taɓa sani ba, kuma na daina roƙon Allah ya nuna min a mafarki.

Na buɗe shagon ranar Litinin. Malaman da ya ambata sun zo, biyu daga ciki. Takarda ta maƙale a firinta sau ɗaya, na ciro ta yadda ya ce a na uku, har wurin da ya yi tari na tsaya na jira shi.

Kin ga wannan ba rubutun hannu ba ne. Ita ce wasiƙar farko da na buga wa kaina a kanta. Idan kin ga kuskure ki yi haƙuri, darasi tara kawai na samu.

Ki gai da Mama. Allah ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Ummi Badruddeen.