Unguwarzoma Ɗaya Ba Ta Rabuwa Biyu

Zuwa ga Shugaban da ke kula da ma'aikatan jinya na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki da haƙurin jama'a, da fatan kai da iyalinka kuna lafiya.

Ranka ya daɗe, sunana Rabi'atu, unguwarzoma ce ni a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Shinkafi. Maigidana da 'ya'yanmu uku suna Ƙaura Namoda. Na rubuto a fili ne domin abin da ya same ni ya shafi mata da yawa a aikin nan. Na kuma san ba da son ranka ake ƙarancin ma'aikata ba.

Na farko, halin da muke ciki. Da aka turo ni nan, mu uku ne a ɗakin haihuwa. Ɗaya ta ajiye aiki tun da aka fara tare motoci a hanya, mijinta ya ce bai yarda ba. Ɗaya ta tafi hutun haihuwa, ba a aiko madadinta ba. Saura ni. A wani ɗaki bayan asibiti nake zama, sai ƙarshen mako nake ganin gida, shi ma in hanya ta yi kyau. Autana dole na yaye shi lokaci bai yi ba, kakarsa ke riƙonsa.

Na biyu, abin da ya faru a daminar da ta wuce. Ranar kasuwar Shinkafi da hantsi aka kawo wata Bafulatana daga wajen Katuru a kan babur. Ta haihu a gida, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini sai zuba yake. Ina kanta wayata ta yi ta ƙara, har mai shara ta ɗauka ta kara mini a kunne. Maigidana ne. Ciwon sikila na ɗiyarmu Hafsatu ya tashi, an kwantar da ita a Ƙaura, ana neman jini, ita kuwa sunana kawai take kira.

Na dubi matar nan, idonta ya yi fari fat. In na fita, ba wanda zai karɓe ni. Na ce masa ya yi haƙuri, na ci gaba da aikina ina hawaye. Allah ya taimaka mabiyiya ta fita, jinin ya tsaya, matar ta rayu. Amma kafin ta natsu la'asar ta wuce, direbobi kuma ba su bin hanyar Ƙaura bayan la'asar. Washegari na faɗa wa mai kula da asibitinmu da baki, ya ce in je, Allah ya ba Hafsatu lafiya. Na iske an yi mata ƙarin jini, ƙanen mijina ne ya bayar. Na zauna da ita har aka sallame ta.

Da na dawo, takardar tuhuma ce ta tarbe ni daga ofishinka, wai na bar aiki babu izini a rubuce. Gaskiya ne ban rubuta ba. A ranar, ko alƙalami aka miƙo mini ban san me zan yi da shi ba.

Na uku, abin da ya fi takardar nan ciwo. Ranar da zan komo aiki, Hafsatu ta riƙe mini mayafi ta ce, "Inna, in ciwon ya sake tashi, a kai ni asibitinku, don ki zauna da ni." Shekararta shida. Maigidana bai taɓa ce mini in bar aiki ba, amma danginsa sun fara magana, kuma ban ga laifinsu ba. Ni kuwa ina son aikin nan. Yayata wajen haihuwa ta rasu a garin Banga saboda babu mai duba ta, shi ya sa na karanci unguwarzoma.

Don haka nake roƙo:

1. A janye takardar tuhumar, bayan an tambayi mai kula da asibitinmu.
2. A turo mana unguwarzoma ta biyu, ko ta wucin gadi ce.
3. In za a yi canjin wurin aiki, a riƙa duba masu shayarwa da masu jinyar 'ya'ya.
4. In larura ta faɗo, a karɓi sanarwa ta waya, takarda ta biyo baya.

Ko me aka yanke, ran Litinin ina bakin aiki in Allah ya yarda, don akwai mata a watansu da suka saba da hannuna. Sai dai ka sani, Ranka ya daɗe, ƙarfina ya kusa ƙarewa, kuma in na faɗi babu kowa a bayana.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuri'a, ya sa kada wani naka ya kira ka a kan gadon asibiti ka kasa zuwa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Rabi'atu, unguwarzoma